Tankar da muka ƙera a Kusiri ba ta harbi

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon fili a jaridar nan, ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Ni mai gyaran fanka da janareta ne a Kusiri, a Arewa Mai Nisa ta ƙasar Kamaru, inda kogin Logon ya haɗu da Shari. In babu hazo, daga bakin ruwa muna hango Njamena. Kwanakin baya wani mai karatu ya rubuto yana kukan cewa yara na ɓata lokaci wajen ƙera motocin kara da na gwangwani, ya ce iyaye su tsawata musu. Na karanta, na ajiye, na sake ɗauka. Abin da yake so a hana yara shi ne nake yi da furfurata shekara biyar ke nan, kuma ina ganin kuskure ya yi, ko da yake na san don kishin yaran ya faɗa.

Abin da na ƙera tankar yaƙi ce ƙirar T-55 ta Rashawa, an rage girmanta zuwa kashi ɗaya cikin shida, ana tuƙa ta da rimot. Tsawonta har bakin bututun igwa mita ɗaya da rabi, faɗinta santimita 55, nauyinta kilo 74. Mutum biyu ke ɗaga ta.

Ba a littafi na fara ganin irinta ba. Ranar Asabar 2 ga Fabrairu 2008, lokacin ina zaune a Njamena da iyalina, 'yan tawaye suka shigo gari. Muna kwance a ƙasa cikin ɗaki sai na ji ƙasa tana rawa tun kafin in ji ƙarar inji. Ruwan randa ya dinga kaɗawa, yaɓen bango yana zubowa. Na leƙa ta tsagar ƙofa, ban ga samanta ba, ƙafafunta kawai na gani: manyan faya-fayai biyar suna birgima a kan sarƙa, da wani giɓi tsakanin na farko da na biyu kamar wushirya. Da harbi ya lafa muka bi dubban mutane muka tsallaka gadar Ngeli zuwa Kusiri, kuma a nan na zauna har yau. Shekaru da yawa ko sarƙar rijiya aka ja sai gabana ya faɗi. Daga baya ne na san cewa da wannan wushiryar ake gane T-54 da T-55, domin ƙanwarsu T-62 giɓinta yana ta baya.

Farkon shigata harkar, ɗan wana da ke zuwa Sin sayayya ya kawo wa jikana ƙaramar tanka ta roba, mai kashi ɗaya cikin 16, tsawonta kamar rabin mita. Wannan shi ne girman da aka fi yayi a duniya. Kamfanin Tamiya na Japan ya fito da tasa irin wannan tun 1974. Tamu kwana uku ta yi a yashin tsakar gida ta fara kuka ba ta tafiya. Na buɗe, sai ga haƙoran giya sun cinye kamar an goge su da magagari. A kanta na koyi darasin da duk mai son inganta irin wannan abu ya kamata ya sani tun kafin ya kashe sisi: in ka ƙarfafa wuri ɗaya, raunin ba ya ɓacewa, ƙaura yake yi zuwa maƙwabci. Na sa mata sarƙar ƙarfe don ta fi kyau, nauyi ya ƙaru, sabuwar giyar roba ta sake cinyewa. Na sa giyar ƙarfe, injin ya fara zafi. Na sa injin da ya fi ƙarfi, allon lantarkin ya ƙone, gangar jikin robar kuma ta fara lanƙwasa saboda jan sarƙa. Da na san haka, da daga akwatin giya zan fara, in ƙarfafa gangar jiki, sarƙa ta zo a ƙarshe. Amma ido sarƙa yake fara gani, shi ya sa kowa da ita yake farawa.

Manya masu kashi ɗaya cikin shida akwai masu sayar da su a wargaje ka haɗa da kanka, irin kamfanin Armortek na Ingila, duk ƙarfe, wasu sun haura kilo 100. Kuɗinsu da na dako sun fi ƙarfin mai gyaran fanka nesa ba kusa ba. Sai na ce bari in ga abin da kasuwar Kusiri za ta iya.

A nan ne maganar awo ta shigo, kuma ita ce zuciyar wasiƙata. T-55 ta gaske tan 36 ce, tsawonta da igwa mita 9. Wani yaron shagona, wanda ya bar makaranta tun firamare, ya tsaya ya yi shiru, can ya ce, "Maigida, tan 36 in an raba shida ai tan shida ne. Wa zai ɗaga mana?" Na ce ya ɗauko ƙusa. A ƙasan shago na zana masa akwati, na ce tsawo ya ragu sau shida, faɗi ya ragu sau shida, tsayi ma haka, to nawa ke nan? Ya durƙusa yana zane yana gogewa da tafin hannu har ya fito da 216. Ya raba kilo 36,000 da shi, ya sami kusan 167. Ya ɗago ya dube ni, fuskar nan ba zan manta da ita ba. Yaron da malamai suka ce ba ya ja, ranar bai tafi cin abinci ba, sai da ya auna duk abin da ke cikin hotunan ya raba shida. Tamu ba ta kai 167 ba domin farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2 muka yi amfani da shi. Sulken gaban ta gasken milimita 100 ne, wanda da mun bi shi sai mun nemo mai kusan 17.

Ƙafafun su suka kai ni wurin masu zubin tukwane. Faifan ta gaske santimita 81 ne, namu ya kama 13 da rabi, kuma kowace ƙafa tagwaye ce, wato faya-fayai ashirin. Na sassaƙa samfuri da katako na kai wa wani dattijo da ya fi shekara arba'in yana narka alminiyam a bayan kasuwa. Ya juya shi a hannu, ya ce, "Ɗana, daidai girman da kake so ka sassaƙa?" Na ce, "Daidai, Baba." Ya ce, "To koma ka ƙara masa ƙwayar gero ɗaya. Ƙarfen nan in ya huce tsukewa yake." Da na bincika sai na tarar alminiyam yakan tsuke da kashi ɗaya da ɗan wani abu cikin ɗari, wanda a kan faifan nan kusan milimita 2 ne. Ƙwayar gero ke nan. Bai taɓa riƙe alƙalami ba. Shi ne kuma ya hana ni kawo gwangwanin lemo, ya ce kashi ya fi yawa a ciki, in nemo tsofaffin fistin da murfin injin babur, su ne ke kwarara su cika yashi sumul. Sau ashirin da bakwai muka zuba kafin mu sami ashirin masu kyau. Kowane muka kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya gyara tsakiyarsa, muka sa boris, wanda a nan muke kira rulma, muka naɗe bakinsa da yankin tsohuwar taya.

Kan tankar, wato ƙoƙon nan mai juyawa, shi na fi jin tsoro, sai ga shi ya fi komai sauƙi. Na T-55 kamar an kife ƙwarya yake. To ƙwaryar muka samo, mai faɗin santimita 40, na ƙara mata yumɓu ta gaba don ta ɗan yi tsini kamar ƙwai, Baba ya danna ta cikin yashi ya zuba. Zubi ɗaya ta fito.

Sarƙa ce ta sha mana wata uku. Faɗin ta gaske santimita 58 ne, tamu kusan 10. Muka jera sarƙar babur mai lamba 428 guda biyu a kowane gefe, muka yanka ƙananan faranti 82 na dama, 82 na hagu, kowane da ɗan ƙaho a tsakiya wanda ke bi ta tsakanin tagwayen ƙafafu don kada sarƙa ta zame. Mai waldan da ya taimake ni ya gargaɗe ni cewa zafi yana kashe ƙarfin sarƙa, don haka ɗigo biyu kawai yake yi a kan kowane faranti, yaro na biye da jiƙaƙƙen tsumma. Da dare muke yi, in an kawo wuta. Ambaliyar 2022 ta same mu a tsakiyar aikin, ruwa ya shiga shago, gefe guda ya yi tsatsa har ya ƙage, sai da muka jiƙa shi a kananzir mako guda muna lanƙwasa gaɓa-gaɓa da hannu.

Abin da ya fi burge ni a duk ƙirar Rashawan nan shi ne yadda ƙafafu ke lotsawa su dawo. Ba sifirin mai naɗi ba ne. Kowace ƙafa tana manne da hannu, hannun kuma yana manne da doguwar sandar ƙarfe da ta ratsa cikin tankar aka ɗaure ta a ɗaya gefen. In ƙafa ta hau dutse sai sandar ta murɗe, in ta sauka sai ta warware. Da farko na sa sifirin bawul na babur, tankar ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Ina wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota wata rana sai na ga wani ya ɗaga murfin but, na lura siraran sanduna biyu ne ke riƙe da shi, aikinsu murɗewa. Na sayi goma. Da yake sandar dama da ta hagu ba za su bi rami ɗaya ba, dole ɗaya ta kwanta gaban ɗaya, sai ƙafafun gefe guda suka ɗan gota na ɗaya gefen. Na ɗauka kuskurena ne, har na so in kwance. Ashe ta gasken ma haka take. Yanzu in ta hau bulo za ka ga ƙafafu suna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, gangar jiki kuwa ko gezau. Nakan sa ta ta hau ta sauka sau goma ina kallo.

Injin farko na waifar babbar mota ne, mai volt 24, ɗaya a kowane gefe. Yana da ƙarfi amma yana juyi kamar 60 ne a minti. Ƙafa mai haƙora da ke jan sarƙa ta baya, wadda makanikan nan ke kira pinyo, faɗinta santimita 12, kowane juyi yana cin kusan 38. Yaron nan ne ya yi lissafin: ƙasa da kilomita ɗaya da rabi a awa. Ta gaske tana kusan 50, rabon shida ya kama 8, wato sassarfar mutum. Bayan shekara muka canza zuwa injin keken lantarki mai wat 250 guda biyu, masu juyi wajen 300, muka sami kusan kilomita 7. Nan ma raunin ya yi ƙaura. Tanka ba ta da sitiyari, da sarƙa take juyawa, gefe ɗaya ya rage gudu ɗaya ya ci gaba. Ranar da na sa gefe ɗaya gaba ɗaya baya don ta juya a wuri guda cikin yashi, sai wari, sai hayaƙi, allon da ke raba wa injuna wuta ya tafi. Babu lokacin da inji ke zuƙar wuta kamar wannan. Wani matashi mai gyaran waya a layinmu, wanda ya koyi sarrafa Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake tsara wa umarni, da kansa a wayarsa, shi ya sake tsara mana: wuta ta riƙa shiga a hankali, kuma a hana sarƙoƙin juyawa a saɓa. Wannan ma ya dace da gaskiya, domin direban T-55 sanduna biyu yake ja, iyakarsa ya tsayar da sarƙa ɗaya ya kewaya a kanta. Muka sa fis mai amfiya 30 a kowane inji, da babban makunni ja a baya inda hannu zai kai da sauri.

Akwai abin da nake roƙon duk mai sha'awar wannan aiki ya ji da kyau. Rimot na yanzu mai 2.4 GHz ya fi tsohon mai 27 MHz, ba ya karo da na wani, amma dole ka koya wa na'urar karɓar saƙo da ke cikin tankar abin da za ta yi in saƙo ya yanke. Ni ban yi ba. Wata yamma batirin rimot ya mutu tana cikin tafiya, ta ci gaba da kanta, ta bi ta kan tabarma ta fasa randa ta daki bango tana ta haƙa. Jikata 'yar shekara biyu a kan tabarmar nan take zaune minti kaɗan kafin nan, uwarta ta ɗauke ta don wanka. Maiɗakina ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, in ba za ka iya tsayar da ita ba, fitar min da ita daga gida." Gaskiyarta. Daren ban runtsa ba. Tun daga ranar, kafin ta taka ƙasa sai na ɗora ta a kan bulo, sarƙa na lilo, in kashe rimot in ga ta tsaya cak. Kilo 74 a guje yana karya ƙafar yaro.

Batir kuwa, zafin Kusiri a watan Afrilu yana haura digiri 40, kuma batirin LiPo, wani batir mara nauyi da masu wannan wasa ke so, yana kumbura a zafi, yana iya kamawa da wuta. Na tsaya a kan busassun batura biyu masu volt 12, a jere su ba da 24. Suna da nauyi, amma tanka ba ta ƙin nauyi in yana ƙasa. Ƙura ma ta koya min nata: giris in ya haɗu da yashi ya zama abin goge ƙarfe, don haka akwatin giya a rufe ruf, sarƙa kuma a bar ta a bushe.

Na san abin da wasu masu karatu ke ta nanatawa a zuci, domin an faɗa min a fuska. A yankin da Boko Haram ta addaba, mutum ya riƙa yawo da rimot da batir da wayoyi? An taɓa tsayar da ni a wani shinge da kayan nan a jaka, na yi awa uku ina bayani, kuma ban ga laifin jami'an ba ko kaɗan, aikinsu suka yi. Laifina ne da ban fara da inda ya kamata ba. Washegari na je wurin bulaman unguwarmu na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake yi, a zo a gani." Ya zo da dattawa biyu, na buɗe musu cikinta, suka leƙa bututun, wanda na roba ne irin na famfo, a toshe da katako. Shi ya raka ni wurin hukuma aka san da zamanta. Ba na fita da ita bayan magariba, ba na kai ta kusa da gada ko kasuwa. Na kanti wasu suna harba ƙwayar roba mai milimita 6, wasu suna da ƙarar igwa. Tawa ba ta da ko ɗaya, kuma ba za ta samu ba. A layinmu akwai matan da har yau in taya ta fashe sai su rungume 'ya'yansu.

Yayata, wadda muka tsallaka gada tare tana goye da jika, ita ta yi min tambayar da ta fi wuya. Ta ce, "Kai kuwa duk abin duniya ka rasa abin ƙerawa sai wannan?" Na ce, "Yaya, shekara goma sha biyu tana bi na cikin barci. Yanzu na san noti nawa ne a ƙafarta." Ba ta amsa ba, kuma ban ce ta yarda ba. Ni dai ba yaƙi nake ɗaukakawa ba. An ƙera T-54 da T-55 kusan dubu ɗari, babu tankar da ta kai su yawa, kuma ƙasar Chadi ta ga ƙarshen da yawa daga cikinsu: a Fada cikin Janairun 1987 da Wadi Dum cikin Maris, sojojin Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous, a kan a-kori-kurar Toyota da makamai masu linzami, suka tarwatsa tankokin Libiya, gawarwakin tankokin na nan cikin rairayi har yau. Kowace ɗaya mutum huɗu ke cikinta, 'ya'yan wasu. Ina tuna wannan duk lokacin da na ɗaga ƙoƙon kan don in canza batir.

Ga abin da nake so mai karatun nan da ya ce a tsawata wa yara ya duba. Hannu bakwai ne suka taɓa tankar nan: mai zubin tukwane, mai walda, mai sassaƙar ƙarfe, bakaniken babur, mai gyaran waya, ni, da yarona. Dukkanmu a kasuwa ɗaya muke shekara da shekaru, ba mu taɓa yin aiki ɗaya tare ba sai a kanta. Kuma da na tambaye su, shida cikin bakwai da motar kara ko ta gwangwani suka fara. Yaron da ke lanƙwasa waya yana huda murfin kwalba ya riga ya san ƙafa sai da gatari, ya san in gefe ɗaya ya fi tsawo mota za ta karkace. Abin da ya rage masa tef ne da wanda zai durƙusa da shi a ƙasa ya nuna masa rabawa. In aka tsawata masa a shekara goma, ya bari ke nan, kuma lissafin da ake so ya koma ya yi a aji ba zai ƙara shiga kansa don an fasa masa mota ba. Ina roƙonka, Edita, ka ware ɗan fili ko sau ɗaya a wata ga masu ƙere-ƙere na Garwa da Marwa da Njamena da Kano da Damagaram, a riƙa nuna aikinsu tare da awonsa da kayan da aka yi da shi, ba hoto da yabo kawai ba, don wani ya iya kwaikwaya.

Yarona yanzu ya fara tasa, ba kai ba igwa, gangar jiki ce da sarƙa kawai, yana so ta ɗauki jarka huɗu ta ruwa zuwa gonar masakwar mahaifinsa lokacin dashe. Matsala ɗaya ta tsayar da mu. Laƙar baƙar ƙasar nan tamu tana cushewa tsakanin haƙoran pinyo, ta taru ta ɗaga sarƙa har ta fita, kafin a yi mita ashirin. Mun huda ramuka a gindin haƙoran, ya rage amma bai hana ba. Yanzu muna gwada ɗan ƙarfe mai kankare laƙar a bayan pinyon. In akwai direban katafila ko bakanikenta cikin masu karatu da ya san yadda ake maganin wannan, don Allah ya rubuto ta jaridar nan kafin ruwa ya janye.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran fanka da janareta,
Kusiri, Kamaru